Dokar wata ƙasa za ta iya hawa kan baƙon da bai taɓa taka ƙasar ba?

Mai Neman Sani: Don Allah 'yan uwa a fahimtar da ni, ya za a yi Amurka ta hukunta wanda ba ɗan ƙasarta ba kuma laifin ma ba a can aka yi shi ba?

Ɗan Boko: Ai ta dala suke kama mutum malam, kuɗinka na bi ta bankunansu shi ke nan ka shiga hannu, haka suka ci bankin Faransa BNP Paribas tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 kan karya takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan da Iran da Kyuba.

Uwar Gida: Wallahi fin ƙarfi ne, wace ƙaramar ƙasa za ta yi musu haka?

Ɗan Boko: Gaskiya ne Hajiya, amma fa Hissène Habré, tsohon shugaban ƙasar Chadi, a Senegal aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016 kan ta'asar da ya yi a Chadi, wannan kam na goyi baya.