Zan iya sayar da shafina na Hausa a Flippa kuwa? Wanda ya taɓa yi ya taimaka

Dan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafin labaran ƙwallo da Hausa, a WordPress yake, ya ɗan kwana biyu kuma AdSense, tsarin tallan Google, na ba ni tsakanin dala 70 zuwa 90 a wata, wani watan idan ana Champions League ya ɗan haura. To yanzu na samu aiki wlh ba ni da lokacin rubutu, wani abokina ya ce in kai shi Flippa, kasuwar intanet da ake saye da sayar da shafuka, a yi gwanjonsa kawai. Abin da nake son sani, nawa zan sa masa, ta yaya kuɗin za su shigo hannuna a nan Najeriya, sannan AdSense ɗin shi ma haɗawa ake yi a sayar?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumussalam. Malam abu na farko ka cire lissafin wahalar da ka sha a ranka, masu saye a can ba ruwansu da dararen da ka kwana kana rubutu, ribar wata suke kallo su ninka ta. Ƙananan shafukan rubutu yawanci ana ninka ribar sau ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, kuma riba fa na ce ba kuɗin da ya shigo ba, sai ka cire kuɗin hostin (hayar wurin ajiye shafin) da na domen (sunan adireshin shafin) da abin da kake biyan yaran da suke taya ka rubutu in akwai. Misali in dala 80 ke shigowa kana kashe 15, saura 65, sau 25 ya kama dala 1,625. Daga nan za ka fara tunani.

Sannan Flippa suna karɓar kuɗin saka talla tun farko ko an saya ko ba a saya ba, in an saya kuma su cire kasonsu, ka sa wannan a lissafi. Ka haɗa Google Analytics ɗinka, mai ƙirga masu shiga shafi, da tallan na Flippa don mutane su ga zirga-zirgar shafin da idonsu, hoton sikirin kaɗai ba wanda zai yarda da shi. Kuma don Allah ka sa mafi ƙarancin farashin da za ka sallama, in ba haka ba gwanjo ya rufe a dala 200 ka zo nan kana mana kuka.

Ummu_Hanan:
AdSense ba a sayar da shi ɗan uwa, da sunanka da adireshinka yake, dokar Google ma ta hana. Mai saye zai cire lambarka ta AdSense daga shafin ya saka tasa shi ke nan.

Maganar kuɗi kuma kar ka yarda da komai sai escrow, wato kamfanin da ke riƙe kuɗin ciniki a tsakani, mai saye ya zuba kuɗin a wajensu tukuna, kai ka miƙa shafi da domen, ya duba na 'yan kwanakin da kuka yi yarjejeniya, sannan a sakar maka. Ka buɗe asusun dala a banki tun yanzu. Kana saka talla za ka ga masu turo saƙo wai mu koma WhatsApp mu gama a waje ba sai an cire kaso ba, wani mai shafi da na sani haka aka yi masa, ya miƙa komai daga baya aka janye kuɗin.

Dan_Damagaram:
Ni dai gaskiya ban ga Baturen da zai sayi shafin da ba ya iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba, wa zai ci gaba da rubuta masa? Kuma su abin da suke so masu karatu daga Amurka da Ingila saboda tallan can ya fi tsada, naka kuwa Kano ne da Kaduna da mu nan Zinder da Maraɗi. Sau 25 ɗin da Baban Khalifa ya faɗa ina shakka. Mai sayenka yana cikin masu shafukan Hausa, in ma za ka saka a Flippa to ka tura musu link ɗin su je su taya a can.

Dan_Kurna:
Na gode sosai. Domen ɗin a kamfanin Namecheap yake, .com ne. Amma fa yawancin masu shigowa daga shafina na Facebook suke zuwa ba daga binciken Google ba, hakan zai rage farashi?

Baban_Khalifa:
Zai rage kam, don ranar da ka daina sakawa a Facebook ranar zirga-zirga za ta faɗi, kuma a Analytics za su gani ko ba ka faɗa ba, gara ka rubuta da kanka a bayanin tallan. Domen kuma kar ka taɓa sunan mai shi ko ka canza kamfani yanzu, ana iya kulle shi kwana 60 ba a fitar da shi. Mafi sauƙi mai saye ya buɗe asusu a Namecheap ka tura masa kai tsaye. Wani abu da na manta, hotunan 'yan wasa da ke shafin daga ina kake ɗaukowa? Mai saye da ya san abin da yake yi sai ya tambaye ka wannan.