Wa ya ƙwato wa baƙaƙen fatar Amurka 'yancinsu: Kotun Ƙoli ko su da kansu?

Barista Nafi'u: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake tsaye a kanta: 'yancin da baƙar fata yake taƙama da shi yau a Amurka, Kotun Ƙoli ce ta buɗe masa ƙofarsa. Ranar 17 ga Mayu 1954, alƙalai tara ƙarƙashin babban alƙali Earl Warren suka haɗa baki, ba wanda ya saɓa, suka yanke hukunci a shari'ar Brown cewa ware wa 'ya'yan baƙaƙe makarantunsu daban ya saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki. Ku tuna, tun 1875 har zuwa lokacin majalisar ƙasar ba ta sake yin wata doka ta kare haƙƙin baƙar fata ba, domin sanatocin Kudu sun tare hanya. Alƙalan da ba sa neman ƙuri'ar kowa su ne suka iya abin da 'yan siyasa suka kasa.

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Barista, daga tsakiya ka ɗauko labarin. Ita wannan kotun ce a 1857, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba zai zama ɗan ƙasar Amurka ba. Ba alƙali ne ya warware wannan ba. Yaƙin basasa ne, 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka sama da 600,000. Bayansa aka yi gyara uku: na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne kuma doka za ta kare kowa daidai, na 15 a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa. To me kotun ta yi da su? A 1883 ta rushe dokar 1875 ɗin da ka ambata, ta ce gyara na 14 gwamnatin jiha yake ɗaurewa, ba mai otal ko mai gidan kallo ba. A 1896 kuma, Homer Plessy da aka kama a New Orleans don ya zauna a taragon fararen fata ya kai ƙara har gabanta, alƙalai bakwai suka ce wariya halal ce in dai an ba kowa nasa daidai. Alƙali John Marshall Harlan kaɗai ya ƙi. Shekara 58 baƙaƙe suna cikin wannan ƙunci da sa hannun kotu. Wanda ya kulle ka sannan ya zo ya buɗe, ban ga dalilin kiransa mai ceto ba.

Barista Nafi'u: Allah ya gafarta Malam, ban musa Plessy ba. Amma wace hukuma ce ta tashi ta rushe shi? Majalisa ce? Shugaban ƙasa ne?

Hajiya Rabi: Barista, ni abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo bayan hukuncin. A 1955 kotun ta koma kan batun, ta ce a aiwatar, amma ba ta sa wa'adi ba, sai jihohin Kudu suka samu kafar jan ƙafa. Shekara goma bayan Brown, yaran baƙaƙe da ke aji ɗaya da fararen fata a Kudu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Wata ƙaramar hukuma a Bajiniya, Prince Edward, rufe makarantun gwamnati ta yi gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 don kada a haɗa yara. A Little Rock, cikin Satumba 1957, gwamna Orval Faubus ya jibge dakarun jiha a ƙofar makaranta. Elizabeth Eckford, yarinya 'yar shekara 15, ta zo ita kaɗai rungume da littafinta, sojoji suka tare ta, ta juya ta nufi tashar mota taron manya na binta da zagi da tofin yawu. Uwa ce ni, duk sanda na ga hoton nan sai cikina ya juya. Hukuncin yana nan shekara uku, bai shigar da ita aji ba sai da shugaban ƙasa Eisenhower ya turo sojojin tarayya. Hukuncin kotu kamar takardar gona ce: tana hannunka, amma in wanda ya cinye gonar ya ƙi fita, ba ita za ta yi maka shuka ba.

Sadiq: Hajiya, in na fahimce ki, kenan zanga-zanga ce ta yi aikin? Kamar ƙaurace wa motocin bas a Montgomery bayan kama Rosa Parks, baƙar matar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a mota?

Barista Nafi'u: Madalla, ƙanena, ka kawo mini hujjata da kanka. Mutanen Montgomery sun yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa, daga Disamba 1955, kuma hukumar gari ba ta sassauta ko kaɗan ba. Har ta kai su kotu don a hana motocin taimakon da suke ɗaukar juna da su. Me ya kawo ƙarshen abin? Shari'ar Browder ce. Ranar 13 ga Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wariya a motocin bas ta saɓa wa gyara na 14, umarnin ya iso a Disamba, sannan Martin Luther King da jama'arsa suka koma shiga mota. Ba don kotu ba, da takalmansu sun ƙare a banza.

Malam Habu: Wa ya kai ƙarar, Barista? Mata huɗu ne baƙaƙe, cikinsu har da Claudette Colvin, wadda aka kama tana shekara 15, wata tara kafin Rosa Parks, da wani matashin lauya baƙar fata, Fred Gray. Brown ma haka. Charles Hamilton Houston ya fara shirya wannan yaƙi tun shekarun 1930, ɗalibinsa Thurgood Marshall ya ci gaba a ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, shari'a bayan shari'a, iyayen da suka sa hannu a ƙara wasu aka kore su daga aiki. Kotu ba ta fita neman wanda aka zalunta. Akwai kuma abin da ya shafe mu nan Afirka. Lokacin cacar baka ne da Tarayyar Sobiyet, kuma ma'aikatar shari'ar Amurka da kanta ta rubuta wa kotun a 1952 cewa wariya tana zubar wa ƙasar mutunci a idon duniya. A Oktoba 1957 ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya tsaya a wani gidan abinci a Delaware, aka ce baƙar fata ba ya zama ya sha lemo a ciki, har Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a rufe kunya. A 1961 haka aka yi wa jakadan Chadi a hanyar Maryland. Alƙalan suna karanta jarida kamar kowa.

Hajiya Rabi: Ku dubi ƙuri'a ma. Gyara na 15 yana rubuce tun 1870, amma a Luwiziyana baƙaƙe masu rajista sun faɗo daga sama da 130,000 a 1896 zuwa ƙasa da 1,400 a 1904, ta hanyar jarrabawar karatu da harajin jefa ƙuri'a da tsoratarwa. Abin bai motsa sosai ba sai bayan 7 ga Maris 1965, da 'yan sanda suka far wa masu tattaki a gadar Selma da kulake da barkonon tsohuwa, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai, ƙasa duka na kallo a talabijin. Wata biyar bayan nan shugaban ƙasa Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. A Misisipi rajistar baƙaƙe ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan 60 cikin shekara biyu. Wane hukunci ne ya taɓa yin haka?

Barista Nafi'u: Hajiya, dokar 1964 da ta hana wariya a otal-otal da gidajen abinci, da ta zaɓe ta 1965, ai sai da aka ƙalubalance su, kuma kotu ce ta tsayar da su. Mai otal ɗin Heart of Atlanta ya kai ƙara, ta ce majalisa na da hurumi ƙarƙashin ikonta na tsara ciniki tsakanin jihohi. Da ta yi irin ta 1883, da an koma gidan jiya. Sannan akwai ɓangaren da babu mai yi masa tattaki. Gyare-gyare goma na 1791, 'yancin magana da addini da kariyar wanda ake tuhuma, da farko gwamnatin tarayya kawai suka ɗaure, haka kotu ta ce a 1833. Alƙalai ne suka riƙa ɗora su kan jihohi ɗaya bayan ɗaya ta gyara na 14. Clarence Gideon fursuna ne a Florida, da fensir ya rubuta kokensa, a 1963 aka ce dole jiha ta ba talaka lauya a babban laifi. Wace zanga-zanga aka yi masa? Muhammad Ali ma kotun ce ta soke hukuncin da aka yi masa kan ƙin shiga soja, a 1971.

Sadiq: Amma Yaya Barista, a 1944 fa? Mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasa, kuma kotun ta goyi bayan gwamnati a shari'ar Korematsu. Su ma ba su da masu yi musu tattaki, kuma ba ta cece su ba.

Malam Habu: Ka faɗi gaskiya, Sadiq. Ga na kusa: a 2013, a shari'ar Shelby, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka rushe ma'aunin da ke tilasta wa wasu jihohi neman izinin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓe. A ranar ce Texas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida, wadda a baya aka hana ta. Abin da aka fasa kan mutane a Selma aka samu, kotun da kake yabo ce ta cire masa haƙori.

Barista Nafi'u: Babban alƙali Roberts ya rubuta a hukuncin cewa majalisa na iya tsara sabon ma'auni da ya dace da zamani. Ba ta yi ba. Laifin wa kenan, Malam?

Hajiya Rabi: Majalisar ce ta sabunta dokar a 2006, Barista, sanatoci 98 suka amince, ba ko ɗaya da ya ƙi. Shekara bakwai kacal bayan nan mutum biyar suka ce aikin nata bai yi ba.