A-kori-kurar Baba: in gyara injin ko in sa na 505?

Ɗan Rigasa: Salam 'yan uwa, Pijo 504 a-kori-kura marigayi Baba ya bar min, haɗin Kaduna, yanzu tana shan baƙin mai tana hayaki, bakanike ya ce in cire injin in ɗora na 505 mai lita 2 don ƙarfi, ni kuma raina bai so wallahi.

Mai Sifana: Allah ya jiƙan Baba. Kar ka cire shi, ƙanena, silindar injin nan zarewa ake, a sa sabuwa da fistan da ringi, a wanke kabureta, ta dawo garau. Leƙa Panteka, kasuwar kayan gyaran mota a Kaduna.

Direban Giwa: Amin. In buhunan masara za ka riƙa lodi sa na 505 ɗin, amma gyara lagireto tukuna, tsohon injin kuma ka adana kar ka sayar.