Faifan BLO na 1973 ya dawo hannu, wa ya saurara?

Baban Zainab, Agege: Salamu alaikum. Ɗana ne ya kawo min faifan Chapter One na ƙungiyar makaɗa ta BLO, wanda kamfanin Mr Bongo na Ingila ya sake bugawa. Asalinsa EMI ce ta fitar da shi a nan Legas a 1973. Su uku ne: Berkley Jones mai jita, Laolu Akins mai ganguna, Mike Odumosu mai jitar nan mai kaurin murya. Ina yaro na fara jin sa a shagon wani tela Bayarabe, jikin rumfar goron mahaifina. Baba yakan ce kiɗan 'yan birni ne, amma bai taɓa aika ni in ce a rage ba. Jiya da allura ta sauka, wallahi har ƙamshin ɗanyen ganyen da muke lulluɓe goro na ji. Sai da na yi wa Baba addu'a kafin na juya faifan.

Maman Abba, Idi-Araba: Allah ya jiƙansa, Alhaji. Namu maigida ya ajiye a kwance bakin taga, rana ta lanƙwasa shi. Yanzu allura hawa da sauka take yi, muryar tana rawa. Ya yi kwana biyu ba ya son a ta da maganar. Don Allah ku jingina naku a tsaye, cikin inuwa.

Ɗan Obalende: Kawu, ni na sayi faifan tun ban da abin sa shi. Garmahon kakana na kai wa mai gyaran rediyo, ya canza bel da allura. A kan lambar gudun juyi 33 ake sa shi, ba 45 ba. Abin da ya kama ni shi ne jitar tana kuka irin na Turawa, gangar kuwa tamu ce ta nan, kuma babu wadda ta danne wata.

Baban Zainab: Ai ɗana, Berkley da Laolu sun yi aiki da Ginger Baker, Baturen Ingila mai ganguna, kafin su kafa BLO. Sun san na Turawan ciki da bai, suka dawo suka ɗora shi kan namu.

Malam na Mile 12: Ina da bugun farko, na yayana marigayi, duk ya karce. Sabon ya fi fita tas, ban musa ba, amma kunnena ya saba da ƙas-ƙas ɗin tsohon. Alhaji, ranar Lahadi bayan la'asar zan zo da shi Agege mu ji su a jere.