Jawo farashin kuɗin kirifto kai-tsaye: shawarar masu manhaja a Yamai

Masu rubuta manhaja da suka zauna kan batun a Yamai bakinsu ya zo ɗaya: a daina tambayar kasuwa farashi kowace daƙiƙa. Idan tambaya ta yi yawa Binance, kasuwar kuɗin kirifto, na mayar da lambar gargaɗi 429, wanda ya nace kuma sai ya ga 418, an toshe shi ke nan. A buɗe WebSocket, wato haɗin da ke zama a buɗe, kasuwa ta riƙa turo farashin da kanta. A CCXT na Python, manhajar haɗawa da kasuwannin kirifto, umarnin watch_trades ya wadatar.

Katsewar layi ce ta fi cin lokacin zaman. Binance tana rufe kowane haɗi bayan awa 24, ga kuran da ke ɗaukewa lokacin zafi. Sai manhaja ta riƙa sake haɗawa, tana jiran daƙiƙa 1, 2, 4, 8 tsakanin gwaji. Littafin saye da sayarwa kuwa, wato jerin tayin masu saye da masu sayarwa, da zarar lambar da ke jera saƙonnin sabunta shi ta yi tsalle, a zubar da shi a ɗauko sabo, in ba haka ba farashin bogi za a riƙa karantawa ba a sani ba.

Lokaci na zuwa daga kasuwa da agogon duniya na UTC, Nijar na gaba da awa 1. Kuɗi a lissafa da nau'in lamba na Decimal, nau'in float na ɓata ƙananan lambobi.