Wainar Yis: Waina Ce Ko Burodin Shinkafa?

Goggon Bauchi: Salamu alaikum 'ya'yana. Jiya na je suna a unguwarmu, aka kawo waina cike da kula, fara tas, ta tashi kamar auduga. Ina kaiwa baki sai na ji ƙanshin gidan burodi. Babu tsami, babu gardi, kamar ana tauna soso. Zan faɗa ko za a ji haushina: wainar da aka zuba wa yis ba waina ba ce, burodin shinkafa ne aka soya a tanda. Masa ta gaskiya ƙullunta kwana yake yi ya tashi da kansa. Haka na tarar a ɗakin mahaifiyata, haka na yi ta sayarwa a ƙofar gida har na aurar da 'ya'ya huɗu da ita.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Goggo, Allah ya ƙara girma. Amma gaskiya maganar nan ta yi mana nauyi. Ni ina barin gida ƙarfe 7 na safe, ban dawowa sai bayan la'asar. Ranar Asabar kaɗai nake da ita. In jiƙa shinkafa da asuba, in kai markaɗe da hantsi, in sa yis ƙaramin cokali ɗaya da sukari, kafin azahar ya cika roba, yara su ci da miyar taushe suna murna. Yanzu abin da na shekara 9 ina ba iyalina a ce ba waina ba ne?

Goggon Bauchi: Ban ce ba abinci ba ne 'yar nan. Na ce a kira shi da sunansa.

Amarya: Goggo don Allah yaya ake yin naku ɗin daga farko? Ni ko da yis ɗin ma bai taɓa yi mini kyau ba. Satin da ya wuce dangin maigida suka zo, wainar ta fito rawaya, a kwance, tana warin sabulu. Kuka kawai na shiga ɗaki na yi.

Goggon Bauchi: Share hawayenki. Ɗanyar shinkafa za ki samu, ta tuwo, ba wadda aka turara ba. Mudu ɗaya. Ki ɗebi gwangwanin madara biyu ki dafa ta yi luguf, ki bar ta ta huce. Sauran ki wanke ki jiƙa tun da hantsi. Da la'asar ki haɗa su ki kai inji, ki tsaya a kan mai markaɗen ya wanke injinsa, kada ya tsula miki ruwa. In kin dawo ki zuba ludayi ɗaya na tsohon ƙullu, wanda aka rage daga yin baya. In babu, ki roƙa wajen mai waina ta unguwarku, ba a hana wannan. Ki juya da hannu sosai, ki rufe da faifai, ki ajiye a ɗumi. Da asuba za ki tarar ya yi ido-ido yana numfashi. Sai ki ɗanɗana. Gwargwadon tsaminsa, gwargwadon ruwan kanwar da za ki ɗiga. Gishiri, sukari kaɗan, albasa, ki buga shi sosai, sai tanda.

Malama: Goggo, ina neman izini in sa baki, don wannan fannin nake koyar da 'yan makaranta. Ludayin tsohon ƙullun nan da kike zubawa, yis ne a cikinsa. Ba na leda ba, amma yis ne. Yis halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, tana jikin hatsi, tana jikin ƙwarya, tana hannun mai girki. Ita ce ke cin zaƙin da ke cikin ƙullu ta fitar da iska, iskar ce ke yin idon nan. Tun 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa tsami da tashi aikin ƙananan halittu ne masu rai. Saboda haka babu wainar da ta taɓa tashi da dare ba tare da yis ba, har ta kakanninmu.

Abin da ya raba taki da ta Maman 'Yan Biyu wani abu ne daban. A cikin tsohon ƙullu yis ba shi kaɗai yake ba, akwai wasu ƙwayoyin tare da shi, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su ne kuma ke sa kamu ya yi tsami. Su aikinsu a hankali suke yi, sai an ba su dare. Yis na leda kuwa iri ɗaya ne tak, an tara shi da yawa, yana cika roba cikin awa 2 kafin waɗancan su ce uffan. Shi ya sa take tashi babu tsami. Harshenki bai yi ƙarya ba Goggo, akwai abin da ya ɓace. Amma lokaci ne ya ɓace, ba yis ne ya shigo baƙo ba.

Goggon Bauchi: Malama, ƙwayoyin cuta kike nufi suna cikin ƙulluna?

Malama: A'a wallahi Goggo, ba na cuta ba. Na alheri ne. Tsamin da suke yi ma shi ke hana miyagun samun wurin zama.

Goggon Bauchi: To na ji. Amma ai kin ƙara mini ƙarfi ne. Kin ce nawa yana da abu biyu, nasu yana da ɗaya. Wanda ya rasa rabinsa ya cika?

Maman 'Yan Biyu: Goggo, bari in yi tambaya da ladabi. Kakarki a dutsen niƙa ta niƙa shinkafarta, ke kin kai inji. Ita a tandar ƙasa da itace, yanzu mafi yawanmu tandar ƙarfe ce a kan gas. Ita da man gyaɗar da aka matse a gida, mu da na jarka. Duk waɗannan sun canza ɗanɗano, ba wanda ya ce sunan ya faɗi. Me ya sa sai a kan yis za a ja layi? Ni abin da ke damuna shi ne, in muka ce wa yara mata sai an kwana ana gadin ƙullu kafin a kira shi waina, za su bar ta gaba ɗaya su koma taliyar leda. Gara wainar yis a gida da babu.

Anti ta Damagaram: Ni ma ina nan ina karantawa. A gidanmu in an ce masa, ta gero ake nufi, mai duhu, mai tsami sosai, a ci da yaji ko a tsoma a zuma. Da na fara zuwa Kano aka ba ni farar ta shinkafa da sukari, a raina na ce wannan kayan zaƙi ne na yara. Yau ga shi ita ake kira ta asali. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi su ma suna yin ta gero da ta masara. Saboda haka Goggo, in ana maganar suna, kowa da inda ya buɗe ido. Amma a kan tsami ina bayanki ɗari bisa ɗari. Masar da ba ta kwana ba, ba ta da baki.

Yaya ta Jos: Ku zo Jos a watan Disamba ku kwanar da ƙullu ku gani. Na bi hanyar Goggo sau uku cikin hunturu, na naɗe robar da bargo, na sa ta kusa da murhu, da safe yana nan yadda na bar shi. Sai da ya yi kwana biyu, lokacin baƙin sun tafi.

Malama: Sanyi ne Yaya. Yis ya fi son ɗumi kamar digiri 27 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos. In an yi ƙasa sosai barci yake yi, shi ya sa firij ke tsayar da ƙullu. A Sakkwato ko Maiduguri kuma cikin Afrilu, da zafi ke wuce 40, matsalar juyewa take: kafin tsakar dare ya tashi ya faɗi, da asuba ya yi tsamin da kanwa ba ta iya masa.

Mai Waina: Ku yi haƙuri ban shigo da wuri ba, ina bakin tanda. Ni wannan ce sana'ata, mudu 6 nake yi kullum, ranar Juma'a 8. Zan faɗi abin da nake yi ba ɓoye-ɓoye. Ina kwanar da ƙullu kamar yadda Goggo ta ce, ina zuba tsoho, amma ina ƙara yis ɗan kaɗan, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba a kowane mudu, lokacin sanyi in ɗan ƙara. Dalili, in ƙullun uwar gida ya ƙi tashi, ta dafa wani abu. In nawa ya ƙi, kuɗin shinkafa da markaɗe da mai da gawayi duk sun tafi, ga masu kwano a tsaye tun ƙarfe 6. Ba zan iya jingina abincin 'ya'yana da yanayin gari ba.

Kuma masu saye ba bakinsu ɗaya ba. Dattawa da masu ci da miyar taushe ko romon kai, mai tsami suke nema, in ba ta yi ba sai sun faɗa mini. 'Yan makaranta masu barbaɗa sukari ko ƙuli, fara mai laushi suke so. Amma abu ɗaya na lura da shi shekara da shekaru: wadda ta kwana in ta huce tana nan da daɗinta har yamma, a ɗumama a ci. Ta gaggawa da ta huce sai ta yi tauri, warin yis ya fito.

Goggon Bauchi: Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya a ƙarshen nan. Wannan warin shi na ji jiya.

Maman 'Yan Biyu: Wannan warin na masu cika hannu ne Goggo. Wasu babban cokali biyu suke zubawa a mudu ɗaya don su ga ya yi ambaliya. Tawa ba ta yi.

Amarya: Ni fa har yanzu ban gane laifina ba. Yis na sa, na jiƙa shi da ruwan zafi daga fulas don ya yi sauri, da na ga bai tashi ba na ƙara kanwa da bekin foda.

Malama: Ga su nan guda biyu ƙanwata. Na farko, ruwan fulas ya kashe yis ɗin, ba ya rayuwa in zafi ya kai wajen digiri 60. Ruwan da za ki iya barin yatsanki a ciki ba ki ji ƙuna ba, shi ake so. Na biyu shi ne kanwar, kuma wannan kuskuren ya yi yawa a gidaje. Kanwa, ko ungurnu ce ko wata, aikinta a waina kashe tsami ne. In ta haɗu da tsami sai su cinye juna, su fitar da iska, ƙullu ya ƙara sauƙi. Shi ya sa Goggo ta ce a ɗanɗana tukuna. Ƙullunki bai kwana ba, babu tsamin da za ta ci, sai ta zauna a ciki yadda take. Ita ce rawayar, ita ce warin sabulun. Mun ɗauko kanwa daga girkin iyaye mun zuba a girkin yis, alhali ba gidanta ba ne.

Kuma kada ki yar da dafaffiyar shinkafar nan da Goggo ta ce a haɗa, ko wace hanya kika bi. Shinkafa ba ta da danƙon da fulawar alkama ke da shi mai riƙe iska. Dafaffiyar ce ke ba ƙullu kauri ya riƙe idonsa.

Anti ta Damagaram: Wannan rage tsoho a zuba a sabo ba mu kaɗai ba ne. Wata maƙwabciyata da ta zauna a Sudan ta ce haka suke yi wa ƙullun kisra na dawa. Habasha ma ruwan tsohon ƙullu suke ajiyewa don injera.

Maman 'Yan Biyu: To na yarda da abu ɗaya: zan gwada jiƙawa ranar Juma'a, in kai markaɗe bayan na taso aiki, in rage yis ɗin zuwa kwata ya kwana. Amma ban janye ba. Abin da nake yi da rana ma waina ce, kuma duk yarinyar da ta tambaye ni zan koya mata shi, don shi za ta iya farawa da shi.

Goggon Bauchi: Ki koya mata, ban hana ba. Amma ki gaya mata akwai wata a gaba da wannan, kada ta girma tana zaton ta gama sani. Abin da ke ci mini rai ke nan. Jikokina uku a gidan nan, na ba su tawa sun ce ta lalace, wai tana tsami. A Bauchi fa, garin da ake tsayar da mota a sayi masa a kai tsaraba. Ni a bakina sunan ba zai canza ba, kuma Mai Waina ma da take ƙara ɗan yis, daren ne ke yi mata aikin.

Mai Waina: Haka ne Goggo. Dare da hannu.

Yaya ta Jos: Mu na kan dutse a bar mu da ledarmu har watan Maris, sannan mu yi magana.

Amarya: Goggo, in na samo tsohon ƙullun yau, zai kai Asabar?

Goggon Bauchi: In kina da firij ki sa a kwalba, kada ki ɗaure murfin tam, yana numfashi. In babu wuta ki bari sai ranar Juma'a da yamma ki karɓo sabo. Kuma kada ki taɓa kanwa sai kin kira ni da asuba kin gaya mini abin da harshenki ya ji. Tandar ma ki bari ta yi zafi sosai kafin ki zuba na farko.