Tsutsa ta cika tankin murjani: a zuba magani ko a rage abinci?

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na kashe fitilar tanki na haska tocila, sai ga tsutsotsi masu gashi a gefe da gefe suna fitowa daga ramukan dutse, sun fi hamsin. Wata takwas ina rainon murjanin nan. Ni a wurina duk tsutsar da ke cikin tankin ruwan gishiri annoba ce, kashe ta za a yi. Gobe zan zuba maganin tsutsa mai suna Flatworm Exit.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Alhaji, dakata tukuna. Wannan maganin an yi shi ne don jajayen tsutsotsin nan masu faɗi da ke manne wa gilashi. Su ma in suka mutu da yawa lokaci guda, dafin jikinsu kan kashe kifi, shi ya sa ake fara zuƙe su da tiyo, a tanadi gawayin tace ruwa da sabon ruwan canji. Naka masu gashin 'yan shara ne, ragowar abinci da mushe suke ci. In sun yi yawa, abinci ne ya yi yawa.

Maman Sadik: Malam, ban yarda ba. A 2009, a gidan kifi na Blue Reef da ke Newquay a Ingila, an yi ta samun murjani a gutsure, kifaye da rauni, an rasa dalili. Sai da aka kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya aka tarar da tsutsa mai tsawon ƙafa huɗu. Ita ma 'yar shara ce?

Malam Sani: Hajiya, wannan ai dangin Eunice ce, tsutsa mai farauta, mai muƙamuƙi. Don an ga kura a daji ba a kashe awakin gari.

Habu Legas: Ku duka kun bar ɗaya. Akwai tsutsar wuta, Hermodice carunculata, ita kam murjani take ci, ta hau kan reshe ta tsotse shi ya koma fari fat. Tana da kauri, da tuntayen farin gashi da ja-ja a tsakani. Yaya, turo hoto mu gani. Kuma kada ka sa hannu babu safa. Na taɓa ɗaga dutse haka nan, yatsuna uku suka cika da gashin kamar na ƙaiƙayi. Da salatif na cire, na jiƙa a ruwan khal, duk da haka kwana biyu ina susa.

Maman Sadik: To ko 'yan sharar ne, hamsin fa? Ni zan sa tarko: kwalba mai ƙaramin baki, guntun jatan lande a ciki, a bar ta kwana, da asuba a ɗauke.

Malam Sani: Tarko ban ƙi ba. Amma in ba a rage abinci ba, nan da wata biyu sun dawo. Alhaji, sau nawa kake ba kifayen?

Baban Amira: Sau biyu. Yanzu na tambayi uwargida, ashe yara ma suna zubawa in sun dawo daga makaranta.

Malam Sani: To ga annobarka nan.

Maman Sadik: Ni dai sai na ga hoton. Alhaji, ka duba gindin murjanin ma, in akwai farin tabo kamar an ɗan ciza.

Baban Amira: Akwai ɗaya a jikin Acropora, murjanin nan mai rassa. Gwangwanin abincin na kulle shi a durowa, hoto sai bayan isha'i in fitila ta mutu.